Juventus da AC Milan: Tsakanin Kofin Gida da Kofin Turai

Juventus da AC Milan manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ne na arewacin Italiya, ta farko a birnin Turin, ta biyu a Milan. Su ake yawan kawowa misali idan ana maganar yadda abokan hamayya kan bambanta a abin da suka sa gaba. Juventus ta mamaye gasar cikin gida, ita kuwa Milan a Turai ta yi suna. Zuwa ƙarshen kakar 2024-25, Juventus ta ci gasar Serie A sau 36, Milan sau 19. A Coppa Italia ma haka abin yake, 15 da 5. Da an koma kofin Zakarun Turai sai lissafi ya juye: Milan na da 7, Juventus na da 2, kuma Real Madrid ce kaɗai ta fi Milan yawan ɗaukarsa. Magoya bayan ɓangarorin biyu kan nuna kamar da gangan kowace ta zaɓi hanyarta. Tarihi ya nuna akwai zaɓi a ciki, amma akwai kuma sa'a, da tsarin gasa, da labarin da ake ɗinkawa bayan an ga sakamako.

Tushen bambancin

An kafa Juventus a 1897. Abin da ya sauya ta shi ne shigowar iyalin Agnelli, masu kamfanin motoci na FIAT, a 1923. Da kuɗinsu da tsarinsu ƙungiyar ta ci gasar Italiya sau biyar a jere daga 1931 zuwa 1935, ta kuma tara magoya baya a faɗin ƙasar, musamman daga kudu, inda ma'aikata da yawa suka yi ƙaura zuwa masana'antun Turin bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyar da ke da mabiya a kowane gari, duk ranar Lahadi akwai idon da ke kanta, don haka cin gasar gida ya zama mata wajibi na kowace shekara. Ana danganta wa Giampiero Boniperti, tsohon ɗan wasanta kuma shugabanta, maganar da ta zama taken gidan, cewa nasara ita ce kaɗai abin da ake lissafawa.

Milan, wadda Turawan Ingila irin su Herbert Kilpin suka kafa a 1899, ta riga ta jin daɗin fita waje. Shekarar 1958 ta nuna bambancin ƙarara. A watan Mayu Milan ta kai wasan ƙarshe na kofin Turai, Real Madrid ta doke ta 3-2 bayan ƙarin lokaci. A wannan shekarar Juventus ta ci kofin gida na goma, ta zama ta farko da ta ɗinka tauraron zinariya a rigarta, alamar cin gasar sau goma. Da ta shiga kofin Turai a karon farko bayan 'yan watanni, Wiener Sport-Club ta Austriya ta zura mata 7-0. A 1963 Milan ta Nereo Rocco ta doke Benfica 2-1 a Wembley, ta zama ƙungiyar Italiya ta farko da ta ɗauki kofin, ta kuma maimaita a 1969 da ci 4-1 a kan Ajax. Nata tauraron zinariyar sai 1979 ta same shi.

Zamanin Berlusconi

Farkon shekarun 1980 ya yi wa Milan muni. Ta faɗa Serie B, wato gasar rukuni na biyu, sau biyu, a 1980 saboda badaƙalar caca, a 1982 kuma saboda rashin maki. A 1986 attajirin gidajen talabijin Silvio Berlusconi ya saye ta. A nan ne za a iya cewa an yi zaɓi na gaske. Berlusconi ɗan kasuwar kallo ne, ya san cewa wasan dare da Real Madrid ya fi jawo idon duniya a kan wasan rana da ƙaramar ƙungiyar lardi, kuma yana cikin waɗanda suka matsa a sauya kofin Turai ya koma gasar da manya za su riƙa haɗuwa akai-akai. Ya ɗauko Arrigo Sacchi daga Parma, kocin da bai taɓa taka leda a matsayin ƙwararre ba, ya kawo masa 'yan Holan uku: Ruud Gullit, Marco van Basten da Frank Rijkaard.

Lissafin Sacchi a shekaru huɗu ya isa shaida. Serie A sau ɗaya ya ci, a 1988, kofin Turai kuwa sau biyu a jere, 1989 da 1990. A kakar 1988-89 Milan ta lallasa Real Madrid 5-0 a wasan dab da ƙarshe, ta ci Steaua Bucharest 4-0 a na ƙarshe, alhali a gida ta uku ta ƙare, maƙwabciyarta Inter ta tafi da kofi. Carlo Ancelotti ya maimaita wannan salo daga 2001 zuwa 2009: Serie A ɗaya, kofin Zakarun Turai biyu. Fabio Capello ne ya fita daban, domin ya ci gasar gida sau huɗu tsakanin 1992 da 1996, Milan ta yi wasa 58 a jere ba a doke ta ba a Serie A daga 1991 zuwa 1993, ya kuma haɗa da kofin Turai na 1994 bayan ya ci Barcelona 4-0 a Athens. A shekaru 31 na Berlusconi, Milan ta ci Serie A 8 da kofin Turai 5.

Juventus da wasannin ƙarshe

Kuskure ne a ce Juventus ba ta damu da Turai ba. Ta ci kofin UEFA a 1977, 1990 da 1993, ta ci kofin masu riƙe da kofunan ƙasashe a 1984, kuma ita ce ta fara haɗa manyan kofunan UEFA uku na wancan zamani. Kocin da ya yi mafi yawan wannan aiki, Giovanni Trapattoni, tsohon ɗan wasan Milan ne da ya ci kofin Turai da ita. Matsalar Juventus tana wasan ƙarshe na babban kofin. Ta kai can sau tara, ta sha kashi a bakwai, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta yawan faɗuwa a wannan mataki: Ajax a 1973, Hamburg a 1983, Borussia Dortmund a 1997, Real Madrid a 1998, Milan a 2003, Barcelona a 2015, sai Real Madrid kuma a 2017.

Ko nasarorin biyu ba su zo da cikakken daɗi ba. Na 1985 an buga shi a filin Heysel na Brussels bayan turmutsitsin da ya kashe mutum 39, akasarinsu magoya bayan Juventus, kuma fenaritin Michel Platini da ya doke Liverpool ba abin da ake biki da shi ba ne. Na 1996 a birnin Rum da bugun fenariti aka raba gardama da Ajax. Wannan Ajax ɗin, mai Nwankwo Kanu da Finidi George na Nijeriya, ita ce ta doke Milan 1-0 a wasan ƙarshe na 1995.

Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe sau uku a jere daga 1996 zuwa 1998, kamar yadda Juventus ta Marcello Lippi ta yi, ba za a ce ta raina kofin ba. Da biyu cikin waɗannan bakwai sun faɗo mata, da labarin da ake bayarwa yau ya sha bamban.

2003 da 2007

Wasan ƙarshe na 2003 a Old Trafford shi ne karon farko da ƙungiyoyin Italiya biyu suka haɗu a wannan mataki. Juventus ta zo a matsayin zakarar Serie A, da tazarar maki 11 tsakaninta da Milan da ta ƙare ta uku. Amma gwarzonta na kakar, Pavel Nedvěd, yana zaman dakatarwa saboda katin gargaɗi. An tashi babu ci, Andriy Shevchenko ya buga fenaritin ƙarshe, Paolo Maldini ya ɗaga kofin da mahaifinsa Cesare ya ɗaga a Ingila shekara 40 da suka wuce. Kocin Milan a daren shi ne Ancelotti, wanda Juventus ta rabu da shi a 2001 bayan ya ƙare na biyu sau biyu a jere. A Turin, na biyu laifi ne.

Badaƙalar Calciopoli ta 2006, kan tasirin shugabannin ƙungiyoyi wajen naɗa alƙalan wasa, ta taɓa su duka biyun amma ba daidai ba. An ƙwace wa Juventus kofunan 2005 da 2006, aka tura ta Serie B. Milan an rage mata maki, ta shiga gasar Zakarun Turai ta zagayen share fage, ta ƙare ta huɗu a gida, sannan ta doke Liverpool 2-1 a Athens da ƙwallaye biyu na Filippo Inzaghi, wani tsohon ɗan Juventus. Ramuwa ce ta abin da ya faru a Istanbul a 2005, inda ta ci 3-0 kafin hutun rabin lokaci ta kuma rasa kofin. A bikin nasarar, Massimo Ambrosini ya ɗaga wani ƙyalle mai ɗauke da baƙar magana ga Inter kan kofin gidan da ta ci, daga baya ya nemi afuwa. Bayan cin kofin duniya na ƙungiyoyi a ƙarshen shekarar, shugabannin Milan suka riƙa tallata ta a matsayin ƙungiyar da ta fi kowa kofunan ƙasa da ƙasa.

Abin da tsarin gasa yake haifarwa

Gasar gida tafiya ce ta wata tara, wasa 38 tun daga 2004. Mai cin ta shi ne mai yawan 'yan wasa a benci, wanda ba ya zubar da maki a hannun ƙanana. Juventus ta ƙware a wannan, har da dabarar raunana abokan hamayya ta hanyar saye musu taurari: a 2016 ta ɗauke Gonzalo Higuaín daga Napoli kan Yuro miliyan 90, da Miralem Pjanić daga Roma. Zagayen sili-ɗaya-ƙwale na Turai kuwa yana saka wa ƙungiyar da ke da gogaggun 'yan wasa goma sha ɗaya da za su iya tashi tsaye a darare kaɗan. Milan ta Ancelotti, mai Maldini da Nesta da Pirlo da Seedorf da Kaká, irin wannan ce: shekarunta sun ja, ba ta iya gudun kowane mako, amma ta san daren da za ta farka.

Sauyin dokoki ma ya taimaka. Kafin 1997 sai zakaran ƙasa ko mai riƙe da kofi ke shiga gasar, don haka babu hanyar Turai sai ta gida. Daga 1999 manyan ƙasashe suka samu gurbi har huɗu. Kofunan Milan na 2003 da 2007 duk ta shiga gasar ne ba tana zakarar Italiya ba.

Kofi tara a jere da abin da ya biyo baya

A 2011 Juventus ta buɗe filin wasanta na kanta, ta ɗauki Antonio Conte a matsayin koci, ta kuma karɓi Andrea Pirlo kyauta bayan Milan ta sake shi. A Fabrairun 2012 ƙwallon Sulley Muntari ɗan Ghana ta haye layin ragar Gianluigi Buffon, alƙalai ba su gani ba, aka tashi 1-1, Juventus ta ci gasar da tazarar maki huɗu ba tare da an doke ta ba. Daga nan ta ci Serie A sau tara a jere har 2020. A kakar 2013-14 ta tara maki 102, a kakar da Galatasaray ta fitar da ita tun a matakin rukuni. Conte ya yi ƙorafin cewa ba a shiga gidan abincin Yuro 100 da Yuro 10 a aljihu, ya tafi, magajinsa Massimiliano Allegri ya kai wasan ƙarshe biyu da kusan wannan aljihun.

Yawan cin kofin gida ya rage masa daraja a idon masu shi. A 2018 Juventus ta biya Yuro miliyan 100 ta ɗauko Cristiano Ronaldo, kuma kowa ya san kofin Zakarun Turai aka kawo shi ya ci. Ajax ta fitar da su a 2019, Lyon a 2020, Porto a 2021. Shugabanta Andrea Agnelli ya zama ɗaya daga cikin jagororin shirin Super League na Afrilun 2021, wanda Milan ma ta sa hannu a ciki kafin ya wargaje. Ya yi murabus a 2022, aka kuma rage wa ƙungiyar maki 10 a 2023 kan harkar lissafin kuɗin cinikin 'yan wasa.

Milan ta bi hanyar akasin haka. Bayan 2014 ta yi kaka bakwai ba ta leƙa gasar Zakarun Turai ba, kuma magoya bayan da suka saba raina kofin gida sun cika titunan birnin da murna lokacin da Stefano Pioli ya ci shi a 2022. A 2023 ta kai wasan dab da ƙarshe, Inter ta cire ta. A Fabrairun 2025, a sabon tsarin gasar mai ƙungiyoyi 36, ƙungiyoyin Holan ne suka yi waje da su duka biyun a mako guda, Feyenoord ta fitar da Milan, PSV ta fitar da Juventus. A Serie A ta wannan kakar Juventus ta ƙare ta huɗu, Milan ta takwas, Napoli ta ɗauki kofi.