Me Ake Nufi da "Girke Sojoji" a Ƙasar Ƙawance?

Mai sauraron labarai a rediyo ya saba da jin an ce wata ƙasa ta girke sojojinta a wata ƙasa. Kalmar daga murhu aka ɗauko ta. Mace kan girka tukunya a kan duwatsu uku, ta daidaita mata zama, domin ba yanzu za a sauke ta ba. Haka soja da aka girke: an kawo shi ya zauna, da makamansa da motocinsa da wurin kwanansa. Wani lokaci za ka ji ɗan jarida ya ce an "jibge" sojoji, kuma da jin wannan ka san akwai ƙorafi a ciki, don kaya ake jibgewa, masu nauyi, ba tare da an tambayi mai wuri ba. Sai kalma ta uku, "mamaya", wadda ita ce shiga ƙasar mutane da ƙarfin bindiga. Abin da ya raba girkewa da mamaya shi ne yardar mai gida.

Wurin da suke zama kuma shi ne sansani, tsohuwar kalma tun zamanin yaƙin dawaki, har akwai gari a yankin Tillaberi mai suna Sansane Hausa. Bariki kuwa Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana shi, kuma yadda kalmar ta rikiɗe har ake cewa "ɗan bariki" ya isa ya nuna irin canjin da zaman soja ke jawo wa garin da ya sauka.

To yardar mai gida a ina take? A takarda take. Ƙasashe biyu kan ƙulla yarjejeniyar tsaro, su ce za mu taimaki juna. Sannan akwai wata takarda dabam wadda ta fi shafar talaka, ita ce yarjejeniyar matsayin sojoji, da masu harkar diflomasiyya ke taƙaita sunanta da SOFA. Ba ta cewa ga wanda za a yaƙa. Aikinta ta fayyace yadda baƙon soja zai zauna: ko zai shigo da fasfo da biza ko katin aikinsa ya wadatar, ko kwastan za su buɗe kayansa, ko zai biya haraji, ko zai riƙe bindiga a cikin gari, wa zai biya diyya in an yi ɓarna. Wadda aka fi koyi da ita ita ce ta NATO, ƙungiyar tsaron ƙasashen Yamma, da aka sa wa hannu a Landan a 1951.

A cikin duk waɗannan sharuɗɗa akwai guda ɗaya da ya fi sauran zafi, kuma a kansa nake so mu daɗe. Shi ne hurumin shari'a. A ce motar sojan baƙi ta buge ɗan acaɓa a bakin kasuwa, ya mutu, ya bar mata da yara. 'Yan uwansa sun taru a ofishin 'yan sanda. Shin ɗan sandan nan yana da ikon tsare direban? Alƙalin garin zai iya kiransa gabansa? Ko kuwa za a wayi gari an sa shi a jirgi? Amsar tana cikin wannan takarda da mamacin bai taɓa jin labarinta ba.

Tsarin NATO ya raba abin gida biyu. In laifin ya faru sojan yana bakin aiki, ko kuma ɗan uwansa soja ya cuta, ƙasarsa ce ke da haƙƙin farko na yi masa shari'a. In a gantalinsa ya aikata wa ɗan ƙasa, kotun mai masauki ce ke gaba. A ido abin ya yi daidai, amma rigimar tana wajen wa zai ce "bakin aiki" ne. A watan Yunin 2002, lokacin da Koriya ta Kudu, wadda ke da irin wannan tsari tsakaninta da Amurka, ke cikin murnar gasar cin kofin duniya, wata motar sulke ta sojan Amurka ta take 'yan mata biyu 'yan shekara 14 a kan hanyar Yangju, suna tafiya bikin ranar haihuwar ƙawarsu. Koriya ta nemi a ba ta sojojin biyu ta yi musu shari'a. Amurka ta ce suna bakin aiki ne. Kotun sojanta ta zauna a watan Nuwamba ta sallame su, mutane kuma suka cika titunan Seoul da kyandirori a hannu. A Okinawa ta Japan ma, a 1995, sojojin Amurka uku sun yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe, kuma bisa yarjejeniyar matsayin sojoji ta 1960 tsakanin Amurka da Japan ba a miƙa su ga 'yan sandan Japan ba sai da aka shigar da tuhuma. Waɗannan fa ƙasashe ne masu arziki da ƙarfin faɗa a ji.

Inda mai masauki ya fi rauni, sau da yawa ba a ma tsayawa rabon hurumi. Sai a ba sojan baƙi abin da muka sani da rigar kariya. Ɗan Najeriya ya san wannan riga a jikin shugaban ƙasa da gwamnoni, waɗanda ba a gurfanar da su suna kan mulki. Yarjejeniyar da majalisar dokokin Ghana ta amince da ita a watan Maris na 2018 ta ba ma'aikatan sojan Amurka kariya irin ta ma'aikatan ofishin jakadanci, da yafe haraji, da amfani da zangon rediyo kyauta. 'Yan adawa sun fice daga zauren, aka yi zanga-zanga a Accra. Gwamnati ta dage cewa ba sansani za a kafa ba, kuma wannan ma wata dabarar suna ce da ya kamata mai karatu ya lura da ita: ana iya ba baƙo fili da rumbun ajiya da damar shiga da fita, a ƙi kiransa sansani.

Rigar kariyar nan ta taɓa sauya tarihin ƙasashe. A 1964 majalisar Iran ta ba sojojin Amurka kariya daga kotunan ƙasar, Ayatullah Khumaini ya yi jawabi mai zafi a kai, aka kore shi zuwa Turkiyya. A Iraƙi kuma, a 2011, tattaunawar barin wasu sojojin Amurka ta wargaje a kan wannan batu, suka kwashe kafin ƙarshen shekara.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba ta da tsari ɗaya. Jibuti haya take karɓa: yarjejeniyar 2014 ta sa Amurka na biyan dala miliyan 63 a shekara saboda sansanin Lemonnier. Japan da Koriya ta Kudu su ne ma ke ɗaukar wani kaso na ɗawainiyar sojojin da ke ƙasarsu.

Mu a nan ba labarin nesa ba ne. Najeriya ta shiga 'yancin kai da yarjejeniyar tsaro tsakaninta da Birtaniya, ɗalibai suka tayar da ƙayar baya, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. A watan Mayun 2024 wasu dattawa da malaman jami'a na Arewa sun rubuta wa Shugaba Tinubu wasiƙa kada ya karɓi sansanonin Amurka da Faransa, ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce babu wannan magana. Abin da ya tayar da hankalinsu shi ne abin da ke faruwa a Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin da suka karɓi mulki sun soke yarjejeniyoyin soja da Faransa, sojojinta kusan 1,500 suka gama fita a watan Disamba. Ranar 16 ga Maris 2024, Kanar Amadou Abdramane, kakakin gwamnatin sojan, ya fito a talabijin ya sanar da soke ta Amurka. Hujjarsa ta cancanci a saurare ta: ya ce da wasiƙar diflomasiyya kawai aka kafa yarjejeniyar, ba a tuntuɓi wakilan jama'a ba, kuma Nijar ba ta san adadin mutane da kayan da baƙin suka shigo da su ba. A watan Agusta Amurkawa suka miƙa sansani na 201 da ke Agadez, inda jirage marasa matuƙa ke tashi a lokacin, wanda gininsa ya ci sama da dala miliyan 100. Chadi ta bi sahu, Faransa ta miƙa sansaninta na ƙarshe a N'Djamena a Janairun 2025.

Ni ban ɗauki neman taimakon soja daga waje a matsayin abin kunya ba. Wanda 'yan bindiga suka hana shi noma ba zai tsaya duba launin tutar mai kare shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɓoye takardar. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma sojan Amurka na Jamus da Japan tun 1945, don haka sharaɗin fita, da yawan watannin sanarwa kafin a ce ya tattara, dole su kasance a rubuce, a karanta su a majalisa, a fassara wa jama'a da harshen da suke ji. Kuma ma'aunin bai sauya don baƙon ya sauya. A watan Afrilun 2024 jirgi ya sauka a Yamai da sojojin Rasha, aka gabatar da su da sunan "masu ba da horo". Kafin watan Mayu ya yi nisa, suna cikin sansani na 101 kusa da filin jirgin sama, a wani ɓangare dabam, Amurkawa kuma na can gefe suna ɗaure kayansu.