Kwayil da Gibin Fulogi a Motar Ford Model T

Kwayil na'ura ce da ke karɓar wuta mai rauni daga batir ko magineto (na'urar da ke samar da wuta idan inji na juyawa) ya ɗaga ta zuwa bolt dubbai, domin tartsatsi ya tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi ya kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a jikin ƙarfe ɗaya: mai kauri mai zagaye kaɗan, da siririya mai zagaye dubbai. Da zarar an katse wutar naɗin farko, sai na biyun ya yi aman wuta mai ƙarfi.

Model T, wadda kamfanin Ford ya ƙera a Amurka daga 1908 zuwa 1927, kwayil huɗu gare ta, kowace silinda da nata, cikin ɗan akwatin katako. A saman kowanne akwai harshen ƙarfe da ke karkarwa, yana haɗa wuta yana katsewa, har a ji yana ƙugi kamar ƙudan zuma. A nan matsalar take. Idan ba a saita harsunan huɗu bai ɗaya ba, wata silinda kan kama da wuri wata ta makara, sai inji ya riƙa jijjiga, ƙarfinsa ya ragu.

Gibin fulogi kuwa, kamfanin ya ƙayyade shi a 1/32 na inci, wajen milimita 0.8. Ƙanƙantarsa kan sa a raina shi, alhali shi ke nuna iyakar ƙarfin kwayil. A sararin iska, tartsatsi na buƙatar kusan bolt 3,000 kafin ya tsallake milimita ɗaya, amma idan fistin ya matse cakuɗen, buƙatar kan ninka. Shi ya sa fulogin da ya ba da wuta a hannun bakanike yakan gaza idan an ɗaura shi. Gibi ya yi faɗi, inji ya riƙa yankewa a hawan tudu, wutar kuma ta nemi hanya ta cikin kwayil ta lalata shi. Ya yi ƙunci, tartsatsin ya ƙanƙance, fetur ya ƙi ƙonewa sosai, baƙin hayaƙi ya lulluɓe fulogin.

A 1910 kamfanin Cadillac ya karɓi tsarin injiniya Charles Kettering mai kwayil ɗaya, da wata na'ura da ke raba wutarsa ga dukkan silindoji bi da bi. Ford bai bar kwayil huɗu ba sai da sabuwar motarsa Model A ta fito a ƙarshen 1927.