Ma'anar Haiku a Duniyar Kwamfuta: Ƙaramin Tsarin Aikin da Ya Gaji BeOS

Kalmar haiku asalinta sunan wata gajeriyar waƙa ce ta mutanen Japan mai ɗango uku, gaɓa biyar, bakwai, sannan biyar. Amma a bakin masu harkar kwamfuta, Haiku suna ne na tsarin aiki, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya kamar yadda Windows ko macOS ke yi. Kyauta ne, rubutun tushensa a buɗe yake ga kowa ya karanta ko ya gyara, kuma mafi yawansa yana ƙarƙashin lasisin MIT. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka wani reshe ne na Linux. Ba shi da alaƙar jini da Linux. Haiku sake gini ne na wani tsarin kasuwanci da ya mutu a 2001 mai suna BeOS, kuma duk wanda bai san BeOS ba zai sha wuyar gane dalilin da ya sa Haiku yake yadda yake.

Jean-Louis Gassée, tsohon babban jami'i a Apple, shi ya kafa kamfanin Be a 1990 tare da Steve Sakoman. Burinsu tsarin da ba ya ɗauke da tsohon kaya, wanda zai sarrafa sauti da bidiyo ba tare da sarƙewa ba. A 1995 suka fitar da kwamfutarsu, BeBox, mai firosesa biyu na PowerPC, a lokacin da samun biyu a kwamfutar tebur baƙon abu ne. Wajen guda 1,800 kawai aka sayar kafin a daina ƙera ta a farkon 1997. A 1996 Apple ya nemi sayen Be don maye gurbin tsohon tsarinsa, ciniki bai faɗa ba saboda farashi, sai Apple ya sayi NeXT na Steve Jobs. Be ya koma kan kwamfutocin Intel a 1998, ya fitar da BeOS R5 a 2000 har da nau'in kyauta, amma masu ƙera kwamfuta ba su rungume shi ba. A 2001 Palm ya sayi kadarorin kamfanin kan dala miliyan 11. Be ya kai Microsoft ƙara a 2002 bisa zargin hana masu ƙera kwamfuta saka BeOS, aka sasanta a 2003 kan kimanin dala miliyan 23 ba tare da Microsoft ya amsa laifi ba.

Rubutun tushen BeOS bai fito fili ba, in ban da Tracker mai nuna fayiloli da Deskbar mai jera manhajojin da ke aiki, waɗanda Be ya saki tun 2000. Saboda haka lokacin da Michael Phipps ya fara aikin OpenBeOS a watan Agustan 2001, babu abin da za a ɗauka a ci gaba da shi. Dole aka sake rubuta kusan komai, ana duba yadda BeOS ke amsa kowane kira daga manhaja, ana gina sabon ɓangare mai ba da amsa iri ɗaya. Zuciyar tsarin aka samo daga NewOS na Travis Geiselbrecht, wanda tsohon injiniyan Be ne. An canza suna zuwa Haiku a 2004 don guje wa rikicin alamar kasuwanci, kuma sunan yana da tushe: burauzar BeOS mai suna NetPositive, idan ta kasa buɗe shafi, da 'yar waƙar haiku take ba da saƙon kuskure.

Alkawarin da masu aikin Haiku suka ɗauka tun farko shi ne mabuɗin fahimtar aikin duka. Sun ce fitowa ta farko, R1, dole ta iya tafiyar da manhajojin BeOS R5 yadda suke, ba tare da an sake harhaɗa su ba, wato sake mayar da rubutun tushensu zuwa manhajar da na'ura ke iya tafiyarwa. Wannan ya ba masu aikin sa kai ma'auni guda da ba a gardama a kansa, ko tsohuwar manhaja ta buɗe ko ba ta buɗe ba. Amma ya ɗaure su da tsada. An harhaɗa BeOS da GCC 2.95, kuma yadda wannan tsohon maharhaɗi ke tsara manhajojin C++ ya bambanta da na zamani. Shi ya sa har yau nau'in Haiku mai bit 32 yake ɗauke da rumbunan manhaja kashi biyu, na tsohon maharhaɗi da na sabo. Nau'in bit 64 ya rabu da wannan nauyi, shi kuma ba ya buɗe tsofaffin manhajojin BeOS ko ɗaya. Mai son gwada Haiku a kwamfutar zamani, na bit 64 ya dace da shi.

Tafiyar ta yi tsawo. Alfa da beta matakan gwaji ne kafin cikakkiyar fitowa. Alfa ta farko ta fito a Satumban 2009, ta huɗu a Nuwamban 2012, sai aka yi kusan shekara shida kafin beta ta farko a Satumban 2018. Daga nan beta ta biyu a 2020, ta uku a 2021, ta huɗu a Disamban 2022, ta biyar a Satumban 2024. Babban abin da ya cinye waɗancan shekaru shida shi ne tsarin ƙunshin manhajoji, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A Haiku ba a warware ƙunshin manhaja a watsa fayilolinta cikin faifai. Fayil ɗaya ne mai ƙarewa da hpkg, ana ajiye shi a foldar packages, sai tsarin ya nuna abin da ke cikinsa kamar yana zaune a inda ya kamata. Cire manhaja cire fayil ɗaya ne. Idan sabuntawa ta lalata wani abu, ana shiga jerin zaɓin farkon kunnawa a koma yanayin da tsarin yake kafin sabuntawar. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne foldojin tsarin ba sa karɓar rubutu, don haka duk abin da mutum zai saka da hannu, kamar salon haruffa ko direba, wato manhajar da ke sa wani ɓangaren na'ura ya yi aiki, sai ya kai shi foldar non-packaged.

Inda Haiku ya fi nuna gadonsa shi ne tsarin ajiyar fayil, BFS, wanda Dominic Giampaolo ya jagoranci ƙirƙirarsa a Be, Axel Dörfler kuma ya sake rubuta shi don Haiku. Kowane fayil na iya ɗaukar siffofi masu suna a gefensa. Saƙon imel fayil ne guda, mai aikowa da take da kwanan wata suna maƙale da shi a matsayin siffofi, Tracker kuma yana jera su layi-layi kamar jadawali. Lambar waya da adireshin mutum ma haka, fayil ne wanda cikinsa babu komai, bayanin duka yana cikin siffofi. Da yake faifan yana riƙe da fihirisar waɗannan siffofi, bincike yana fitowa nan take, kuma idan aka bar tagar binciken a buɗe, sabon saƙon da ya dace da sharaɗin zai bayyana da kansa. Tarko biyu ne a nan. Idan aka ƙirƙiri sabuwar fihirisa da umarnin mkindex, fayilolin da suka riga ta ba sa shiga sai an bi su da reindex. Na biyu ya fi ciwo: kwafa fayil kai tsaye zuwa filashi mai tsarin FAT yana zubar da siffofin, fayil ɗin adireshi ya isa can fanko. Maganinsa a dunƙule su cikin zip tun daga Haiku, domin zip ɗinsa yana adana siffofi.

Masu gwada Haiku kusan bakinsu ɗaya wajen yabon saurinsa. Yana tashi cikin daƙiƙu kaɗan, kuma kowace taga tana da nata zaren aiki, don haka nauyin wata ba ya daskarar da sauran. Tagoginsa suna da ɗan kunne rawaya a sama maimakon doguwar sanda, ana iya haɗa taga biyu su zama tari ɗaya idan aka danne maɓallin Windows yayin jan su. Kwafa da liƙawa da Alt ake yi, ba Ctrl ba. Ƙorafin ma iri ɗaya ne, kuma gaskiya ne. Direbobi ba su wadata ba. Na katin sadarwa da Wi-Fi yawanci aro ne daga wasu tsarukan aiki masu suna FreeBSD da OpenBSD, katin hoto kuma galibi ba ya samun saurin zanen da aka ƙera shi dominsa, sai firosesa ta ɗauki aikin. Burauzarsa, WebPositive, tana tuntuɓe a manyan shafuka masu nauyi. Mafi muhimmanci, tsarin na mutum ɗaya ne, ba ya tambayar kalmar sirri idan an kunna, kuma mai amfani yana da cikakken iko a kan komai. A ganinmu wannan kaɗai ya isa dalilin kada a ajiye sirrin aiki ko bayanan banki a kansa. An shigo da LibreOffice da manhajojin da aka gina da kayan aikin Qt da GTK, da kuma Wine mai tafiyar da manhajojin Windows, abin da ya faɗaɗa amfaninsa sosai, ko da yake wasu tsofaffin masoya BeOS na ganin baƙin manhajojin suna rage wa tsarin kamanninsa ɗaya.

Mafi ƙarancin abin da nau'in bit 32 ke buƙata shi ne RAM megabait 384 da fili gigabait 3. Ga na bit 64 ana ba da shawarar RAM gigabait 2 da fili gigabait 16. Ana rubuta fayil ɗin saka Haiku mai suna anyboot a kan filashi, a kashe kariyar kunnawa ta Secure Boot a saitin kwamfutar, a kunna daga filashin. Yana aiki daga nan ba tare da an saka shi ba, kuma nan ne wurin duba ko sauti da intanet da allo suna aiki kafin a taɓa faifai. Idan za a saka, DriveSetup ke tsara ɓangaren faifai zuwa BFS, sai Installer ya kwafa fayiloli cikin 'yan mintoci. A na'urar UEFI, wato mai sabon salon tayar da kwamfuta, sai mutum ya kwafa fayil ɗin tayar da tsarin zuwa ɓangaren EFI da hannunsa, kuma mantawa da wannan mataki ke sa a gama sakawa kwamfuta ta ƙi ganin Haiku.

Lokacin tashi, gumaka bakwai ne ke haskawa ɗaya bayan ɗaya, kuma inda hasken ya tsaya yana nuna inda matsala take. Tsayawa a na huɗu, mai hoton faifai, yawanci na nufin tsarin bai ga faifan da zai tashi daga kansa ba, sai a canza kafar USB ko a gwada wani filashin. Idan duk bakwai sun haska har roka ta ƙarshe amma allo ya yi baƙi, direban hoto ne. A sake kunnawa ana danne da Shift, ko ana latsa maɓallin tazara a na'urar UEFI, a shiga zaɓin yanayin kariya, a zaɓi direban hoto na ko-ta-kwana.