Me ake nufi da buɗaɗɗiyar ƙa'idar fasaha?

Idan ka tura imel daga Gmail, mai amfani da Yahoo zai karɓa lafiya ƙalau. To gwada tura saƙo daga WhatsApp zuwa Telegram, ko ƙofar gida ba zai fita ba. Dalili shi ne an gina imel a kan ƙa'idar da aka wallafa, kowa na iya karanta ta ya ƙera manhajarsa a kai. Shi kuwa WhatsApp, makullinsa na aljihun kamfani.

Irin ta imel ɗin ce ake kira buɗaɗɗiyar ƙa'ida: rubutacciyar yarjejeniya kan yadda na'urori da manhajoji za su fahimci juna, wadda ƙungiya ke kula da ita a fili, ba kamfani ɗaya ba. Inda ake ja-in-ja shi ne kuɗi. Wasu na ganin babu laifi a biya mai haƙƙin ƙirƙira ɗan wani abu daidai wa daida. Ni dai a ganina, ƙofar da sai ka biya kuɗin fito ba ta cika buɗaɗɗiya ba. Kada kuma a rikita ta da manhajar kyauta. Kamfani na iya sayar da manhajarsa da tsada, alhali yana bin buɗaɗɗiyar ƙa'ida.

Ina ruwan gwamnati? Takardun filaye da bayanan fansho da na asibiti abubuwa ne da za a nema bayan shekara hamsin. In an adana su a tsarin fayil ɗin da manhajar kamfani ɗaya kaɗai ke buɗewa, duk ranar sabunta kwangila sai abin da kamfanin ya yanka. Canza kamfanin kuma ya zama jidali, domin tsofaffin fayiloli za su buɗe a hargitse, jadawali ya karkace, rubutu ya hau kan rubutu. Gudun haka ne ya sa Indiya ta fitar da manufarta kan buɗaɗɗun ƙa'idoji a 2010, Birtaniya kuma a 2014 ta zaɓi buɗaɗɗen tsarin fayil mai suna ODF don takardun da ake gyarawa, tsarin da hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi tun 2006.

Gwamnati babbar mai saye ce, abin da ta gindaya a takardar kwangila shi 'yan kasuwa ke bi. Wani lokaci kuma sai da doka. A 2022 Tarayyar Turai ta wajabta cajar USB-C ga sababbin wayoyi daga ƙarshen 2024. Kamfanin Apple, da ya daɗe yana turjiya, bai ma jira wa'adin ba: iPhone 15 da ya fito a 2023 da wannan bakin caja ya zo.