Tsirkiya huɗu a gaban taro: tambayoyi kan kallon gwanin ukulele

Wai mece ce ma ukulele?

'Yar ƙaramar jita ce mai tsirkiya huɗu, gidanta tsibiran Hawai da ke tsakiyar Tekun Fasifik. Girma huɗu aka fi saninta da su, kuma masu kaɗa ta a dandamali sun fi ɗaukar ta ukun, wadda ake kira tenor, don ta fi ƙananan cikar murya kuma wuyanta ya fi ba yatsu fili.

A Hawai aka ƙirƙiro ta?

A can aka haife ta, amma iyayenta baƙi ne. A 1879 jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke mutanen tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal a Honolulu, babban birnin Hawai, waɗanda aka kwaso domin aikin gonakin rake. Sun zo da ƙananan kayan kiɗansu na gida, kuma a cikinsu akwai masu aikin katako uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, waɗanda daga baya suka buɗe shaguna suna ƙera sabon samfuri da icen koa na tsibirin. Sarki Kalakaua ya so abin, ya shigar da shi bukukuwan fada. Wani babban baje koli da aka yi a San Francisco a 1915 shi ya haɗa ta da sauran Amurkawa.

In ana maganar gwani, wa ake nufi?

Sunan da ke fara zuwa baki shi ne Jake Shimabukuro, haifaffen Honolulu a 1976, wanda mahaifiyarsa ta fara koya masa yana ɗan shekara huɗu. A Hawai da Japan an daɗe da saninsa. Duniya kuwa sai a 2006 ta waiwayo, lokacin da aka ɗora wani bidiyonsa a YouTube, yana zaune a lambun Central Park na New York yana kaɗa "While My Guitar Gently Weeps" ta George Harrison, ɗan ƙungiyar mawaƙan Beatles. Ba mawaƙi, ba ganga, shi kaɗai da 'yar jitarsa ƙirar kamfanin Kamaka, wanda ke wannan sana'a a Honolulu tun 1916.

Tunda ga bidiyo a waya, me zai sa mutum ya sayi tikiti?

Kunne shi kaɗai yana ruɗin mutum. Wanda ya saurari faifan Shimabukuro ba tare da ya gani ba zai rantse mutum biyu ne, ko kuma an yi dabarar ɗora sauti kan sauti a situdiyo. A zaure kuwa babu wannan zargi, ga mutumin nan tsaye, ga hannayensa biyu.

Hannun dama ne abin kallo. Ba ya amfani da 'yar robar da masu jita ke kaɗawa da ita, yatsu ne zalla. Babban yatsa na jan zaren waƙar, manuniya na sharar tsirkiyoyin sama da ƙasa, in kiɗa ya yi zafi sai hannun ya koma kamar inuwa, ido ba ya iya ƙirga shi. Can sai ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu, sautin ya mutu nan take, ya bugi jikin katakon ya ba da amon ganga. Kafin ka farga ya sauko da kiɗan ƙasa ƙasa, har ana jin gogar yatsa a kan tsirkiya, zaure ya yi tsit. Wannan tazarar tsakanin rugugi da raɗa lasifikar waya ba ta iya ɗaukarta, matse ta take yi ta dawo daidai wa daida.

Me ya sa ake cewa kiɗanta na da wuya, alhali yara ma na koyonta a makaranta?

Shigarta sauƙi, zurfinta ne wahala. Tsirkiyoyin nailan ne, ba sa cin yatsa, kuma a yini ɗaya mutum zai iya raka waƙa mai sauƙi. Amma muryoyinta kaɗan ne, ba su kai na jita ko kusa ba, kuma ba ta da kauri daga ƙasa. A ɗaurin gargajiya ma tsirkiyar sama, wadda a jita ita ce mafi kauri, a nan siririya ce mai zaƙin murya. Shimabukuro a haka yake barinta. Don haka in zai kaɗa "Bohemian Rhapsody" ta ƙungiyar Queen, waƙar kusan minti shida mai fiyano da jita da tarin muryoyi, kamar yadda ya yi a taron jawabai na TED na 2010, dole ya zauna ya tace: wane sauti ne in an cire shi waƙar ta rushe, wane ne kunnen mai sauraro zai cike da kansa. A ganina gwanintar tana nan, ta fi saurin hannun da ake yi wa tafi. Wanda ya san abin da marigayi Ɗan Maraya Jos ke fitarwa daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai yi mamakin wannan ba.

Ba ya gundura, kayan kiɗa ɗaya dare guda?

Yana iya yi, in makaɗin sauri kawai ya iya. Shi ya sa gwanaye ke cakuɗa salo: na gargajiyar Hawai, jaz, rok, kiɗan Japan. Shimabukuro yakan jona ukulelen da na'urorin sauya sauti ta yi kuka irin na jitar lantarki, wani lokaci kuma ya zo da mai jitar bes ya cike masa kaurin da ya rasa. Ni dai na fi son wuraren da ya bar ta da muryarta.

A ina ya kamata a zauna?

Kusa, kuma inda za a riƙa ganin hannun damansa sosai. Ƙaramin zaure ya fi filin wasa nesa ba kusa ba, domin abin da aka zo gani bai fi faɗin tafin hannu ba, daga kujerun baya kuwa sai dai a kalli allo.