Ciwon ƙirji: kada a bar asibiti kafin gwajin jini na biyu

Ciwon ƙirji mai nauyi kamar an ɗora wa mutum buhun hatsi, ya wuce minti 15, yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ga zufa mai sanyi da haki, ba na kemis ba ne. Da yawa kan ce olsa ce, a sha magani a kwanta, alhali gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke ciyar da tsokar zuciya. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata kuwa, wani lokaci kasala da tashin zuciya da sarƙewar numfashi kawai suke ji.

A asibiti, awon ECG ake fara yi, wato awon da na'ura ke zana yadda zuciya ke bugawa, cikin minti 10 da isowa. Daga nan sai a ɗebi jini a hannu don neman wani sinadari da ake kira turofonin. Mazauninsa cikin tsokar zuciya ne, sai tsokar ta ji rauni yake tsiyayowa cikin jini. Ba a buƙatar azumi kafin gwajin.

Turofonin ba ya fitowa nan take. Yakan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, ya kuma daɗe a jini kwana 7 zuwa 14. Saboda haka wanda ya zo da wuri, gwajinsa na farko zai iya fitowa lafiya lau alhali zuciya tana ɓaci. A nan ake samun asarar da ta fi ci mana rai: dangi su ji "ba komai", su tattara majinyaci su tafi gida. Dole a maimaita. Da sabon injin mai saurin ganowa, bayan awa 1 zuwa 3. Da tsohon, bayan awa 3 zuwa 6. Tashi ko saukar adadin tsakanin gwaji biyun shi likita yake dubawa. Don haka ku riƙe lokacin da ciwon ya fara, ko da "bayan sallar Asuba" ne, ku faɗa masa.

Hawan turofonin shi kaɗai kuma ba ya nufin toshewar jijiya. Ciwon ƙoda, kumburin tsokar zuciya, gudan jini a huhu, cuta mai tsanani da ta shiga jini, da gazawar zuciya irin wadda ke kama wasu masu jego a ƙasar Hausa, duk suna ɗaga shi. Sai an haɗa shi da ECG da bayanin majinyaci.

Akwai tsohon gwaji mai suna CK-MB. Bai kai turofonin inganci ba, amma yana komawa daidai cikin kwana 2 zuwa 3, shi ya sa yake taimakawa a gane ko ciwon ya sake dawowa.

Idan ECG ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, ba a jiran sakamakon jini. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa 12 na farko, ta fi amfani a awanni ukun farko. Kafin a isa asibiti, majinyaci ya tauna asfirin mai miligiram 300, in dai ba ya da olsa mai zubar da jini, kuma jikinsa bai ƙi maganin ba. Ya zauna a jingine, kada ya tuƙa mota ko babur da kansa.