Ben Bernanke, rushewar bankuna da kuɗin 'yan fansho: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka ji wani banki yana tangal-tangal, sunan Ben Bernanke yakan fito a bakin masana. Ga amsoshin wasu tambayoyi da ɗalibai da tsofaffin ma'aikata a nan Katsina sukan yi a kansa.

Shi wane ne?

Ba'amurke ne, an haife shi a 1953. Ya yi digirinsa na uku a fannin tattalin arziki a jami'ar MIT a 1979, ya koyar a jami'ar Stanford, sannan a Princeton daga 1985 zuwa 2002. Ya shugabanci babban bankin Amurka daga 2006 zuwa farkon 2014. A 2022 aka ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki tare da Douglas Diamond da Philip Dybvig.

Wane bincike ne ya fito da shi?

Wata maƙala ce da ya wallafa a 1983 a kan mummunar karayar arzikin shekarun 1930, lokacin da bankuna kusan 9,000 suka rufe a Amurka tsakanin 1930 da 1933. Tun a 1963 Milton Friedman da Anna Schwartz sun ɗora laifin a kan babban bankin ƙasar, wanda ya zura ido kuɗi suka yi ƙaranci a hannun jama'a. Bernanke bai musa ba, amma ya ce da sauran magana.

A wajensa aikin banki ya wuce ajiya. Banki ne ke sanin wanda za a ba bashi a kwana da kwanciyar hankali. A ce manajan wani banki a Funtua ya shekara goma yana hulɗa da wani dillalin masara: ya san lokacin da yake saye, ya san lokacin da yake fitarwa, ya san ba ya saɓa alkawari. Ranar da bankin nan ya rufe, sanayyar ta tafi da shi. Dillalin zai je wani banki a matsayin baƙo, a ce ya kawo takardar gida, ko a hana shi ma gaba ɗaya. Abin da Bernanke ya nuna da alƙaluma ke nan: mutuwar bankuna ta sa bashi ya yi tsada da wuyar samu, manoma da ƙananan 'yan kasuwa suka fi ji a jikinsu, karayar kuma ta daɗe.

Da ya samu iko, ya yi aiki da abin da ya rubuta?

Ya yi, ko da yake ya makara. A Maris 2007 ya shaida wa majalisar Amurka cewa da alama matsalar bashin sayen gidaje da mutane suka kasa biya ba za ta bazu ba, kuma ta bazu. A 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya faɗi a gabansa. Bernanke ya ce bankin ba shi da isasshiyar jingina da doka za ta yarda a ba shi rance, masana kuma har yau suna jayayya a kai. Washegarin faɗuwar Lehman aka tallafi kamfanin inshora na AIG da dala biliyan 85. Zuwa Disamba an sauke kuɗin ruwa kusan sifili, aka shiga sayen takardun bashi don kuɗi su yi yawo.

Mu a Najeriya ina ruwanmu?

Mun ga irinsa a zamanin ɗan garin nan, marigayi Umaru Musa 'Yar'adua. Shi ya naɗa Sanusi Lamido Sanusi gwamnan CBN a Yuni 2009. A 14 ga Agusta Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya zuba musu naira biliyan 420, daga baya jimillar ta kai biliyan 620. Tunanin ɗaya ne, kada a bar banki ya mutu da mu'amalar jama'a a cikinsa. Sai dai Sanusi ya kori masu riƙe da bankunan, abin da Amurkawa da yawa suka so su gani a nasu.

Malam, ni tsohon malamin makaranta ne. Me wannan ya taɓa a fanshona?

Baba, a nan ne aka fi sukar Bernanke. Kuɗin ruwa da ya zauna kusan sifili shekara da shekaru ya ceci bankuna da masu cin bashi, amma dattijon da ya tara abinsa yana ci daga ribar ajiya sai ya ga ribar ta ƙafe. Amsar Bernanke ita ce da an ɗaga ruwan da wuri, arzikin zai sake kwantawa, jarin masu ritayar ma ya zube. Hujjar tana da ƙarfi, amma a ganina ba ta share hawayen wanda ya riga ya tsufa ba.

A nan gida, tun dokar fansho ta 2004 ake cire wani kaso daga albashi. Gyaran 2014 ya sa ma'aikaci kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10. Kaso mafi tsoka na kuɗin yana cikin takardun bashin gwamnatin tarayya. Idan tsadar kaya ta fi ribar da takardun ke kawowa, lissafin asusunka zai ƙaru a takarda, abin da zai saya a kasuwa kuma ya ragu.

Da ya sauka, ya koma ya huta?

A'a. Ya koma cibiyar bincike ta Brookings a 2014, a 2015 kuma ya karɓi aikin ba da shawara ga kamfanonin zuba jari na Citadel da Pimco, aka yi ta surutu a kai. Babban bankin Ingila ya gayyace shi ya duba yadda suke hasashen tattalin arziki, rahotonsa na Afrilu 2024 ya ce manhajojin da suke aiki da su sun tsufa.